Sarauniya Elizabeth ta Ingila: in ba ta mulki, me ta shekara 70 tana yi a kan gadon sarauta?

Tun ranar Alhamis 8 ga Satumba 2022 da aka sanar da rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, tambaya ɗaya ke ta dawowa a majalisun hira da shafukan Facebook: shin mulki ta yi, ko kuwa ado ce kawai aka ajiye a fada? Wani zai rantse maka ita ce ke juya duniya ta bayan labule, ba a yin shugaba a ƙasashen da Ingila ta rena sai ta ɗaga gira. Wani kuma ya ce sarautar je-ka-na-yi-ka ce, aikinta bai wuce sanya hula mai launi da ɗaga wa jama'a hannu ba. Kowannensu ya kama wani ɓangare ya saki wani. Ba ta da ikon da na farko yake zato, amma kuma aikinta ya fi ƙarfin abin da na biyu ya gani a talabijin.

Sarauta daban, mulki daban

A Birtaniya an raba shugabancin ƙasa gida biyu. Akwai shugaban ƙasa, wato sarki ko sarauniya, wanda da sunansa ake yin komai. Akwai kuma shugaban gwamnati, wato firaminista, wanda shi ke yanke shawarar haraji da yaƙi da kasafin kuɗi. A Najeriya da Nijar da Amurka mutum ɗaya ne ke riƙe da martabar ƙasa da kuma babban kaso na ikon zartarwa, shi ya sa tsarin Ingila yake yi mana bambaraƙwai.

Ba da daɗin rai sarakunan Ingila suka saki iko ba. A 1215 manyan hakimai suka tilasta wa Sarki John sa hatimi a kan takardar da ta ce shi ma doka tana hawa kansa. A 1642 Sarki Charles na Farko ya kutsa zauren majalisar wakilai da dakaru zai kama 'yan majalisa biyar. Abin ya kai ga yaƙin basasa, a 1649 kuma aka sare masa kai. Daga 1688 zuwa 1689 majalisa ta kori wani sarkin, ta kawo wanda take so, ta gindaya masa sharuɗɗa. Tun daga nan kowane sarki ya san cewa gadon da yake kai, majalisa ce ta shimfiɗa shi.

Har yau ana tuna wa masarauta wannan tarihi a gaban idon duniya. A zamaninta, ranar buɗe majalisa, sarauniya takan zauna a zauren manya, sai a tura jakadanta mai baƙar sanda ya kira 'yan majalisar wakilai. Da zarar ya iso bakin ƙofarsu, sai a banko masa ita a fuska. Sai ya ƙwanƙwasa sau uku da sandar kafin a buɗe. Su kuma su taho suna hira da ƙarfi, ba sauri ba rawar jiki. A daidai wannan lokaci akwai ɗan majalisa guda da ake tsare da shi a Fadar Buckingham a matsayin jingina, har sarauniya ta dawo gida lafiya. Jawabin da za ta karanta kuwa, ko harafi ɗaya ba nata ba ne. Gwamnati ce ta rubuta. In masu ra'ayin mazan jiya ne ke mulki ta karanta nasu, in jam'iyyar Leba ce ta karanta kishiyarsa da murya iri ɗaya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara raba sarakunanmu da kotunansu da 'yan doka da gidajen yari, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa En'e. Duk da haka Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, da Sarkin Kano Ado Bayero, da ya haura 50, ba wanda zai ce ba su da nauyi a ƙasa. Sai dai kwatancen yana da iyaka. A nan gwamna ne ke miƙa wa sarki sanda, kuma yana iya tuɓe shi. A can firaminista ne ke zuwa fada ya karɓi izinin kafa gwamnati.

'Yar da ba a haifa don gadon ba

An haife ta ranar 21 ga Afrilu 1926 a Landan. Mahaifinta ƙanen yarima mai jiran gado ne, don haka ba wanda ya ɗauka sarauta za ta biyo ta ɗakinsu. Sai a Disambar 1936 wan mahaifin nata, Sarki Edward na Takwas, ya yi murabus don ya auri Wallis Simpson, wata Ba'amurkiya da ta taɓa aure, wadda gwamnati da coci suka ce ba za ta zama matar sarki ba. Mahaifinta ya hau da sunan George na Shida, ita kuma tana 'yar shekara 10 ta zama magajiya.

A ganina wannan murabus shi ne mabuɗin fahimtar halinta. Ta tashi a gidan da ake kallon abin da Edward ya yi a matsayin abin kunya, mutum ya fifita son ransa a kan amana. Shi ya sa ko da tsufa ya cim mata, sarakunan Holan da Beljiyam da Sifen suna sauka suna bar wa 'ya'yansu, ita ko maganar ba ta bari an yi ba. A 1947, ranar da ta cika shekara 21, ta yi alkawari ta rediyo daga birnin Cape Town cewa rayuwarta duka, ta yi tsawo ko ta gajarta, hidimar jama'a za ta yi da ita. A shekarar ta auri Philip, suka yi zaman aure na shekara 73.

Kafin nan, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga sashen mata na soja ta koyi tuƙin manyan motoci da kanikanci. Labarin rasuwar mahaifinta kuma a Kenya ya same ta, ranar 6 ga Fabrairu 1952, tana da shekara 25. An yi bikin naɗin ranar 2 ga Yuni 1953.

Jan akwati da ganawar da ba a rubutawa

To mene ne aikin na yau da gobe? Kusan kullum, in ban da ranar Kirsimeti, ana kawo mata wani jan akwati na fata mai makulli. A ciki akwai takardun majalisar ministoci, rahotannin jakadu, bayanan sirri, dokokin da ke jiran amincewa da sunayen waɗanda za a naɗa. Ko tana Landan, ko tana hutu a gidanta na Balmoral da ke Sikotlan, ko tana ƙasar waje, akwatin yana binta. Ka lissafa shekara 70 na irin wannan karatu. Babu minista ko babban sakatare a Birtaniya da ya ga sirrin gwamnati na tsawon wannan lokaci.

Sau ɗaya a mako kuma firaminista yakan zo fada su keɓe su biyu. Ba sakatare, ba mai ɗaukar bayani, ba a kuma taɓa jin ta fito da abin da aka faɗa ba. Wani marubucin Ingila, Walter Bagehot, tun 1867 ya ce haƙƙi uku ne suka rage wa sarki: a nemi shawararsa, ya ƙarfafa gwiwa, ya yi gargaɗi. A wannan ɗakin ake amfani da su. Firaminista 15 suka zauna a gabanta, na farkonsu Winston Churchill da aka haifa a 1874, ta ƙarshensu Liz Truss da aka haifa a 1975. Shekara 101 ke nan tsakanin haihuwarsu. Ɗan siyasar da ke kewaye da masu neman kujerarsa, ya samu mutum guda da ba ya takara da shi, ba ya kuma kai tsegumi ga 'yan jarida, ai ya samu wurin sauke numfashi.

Sauran aikin shi ne wanda ake gani: karɓar takardun sababbin jakadu, tarbar shugabannin ƙasashe, rataya lambobin girma, buɗe asibitoci, aika katin taya murna ga duk wanda ya cika shekara 100, da jawabin Kirsimeti. Ita ce uwar ƙungiyoyi sama da 600, ita ce babbar kwamandar askarawa a suna, kuma shugabar Cocin Ingila. Ta ziyarci ƙasashe fiye da 100 ba tare da fasfo ba, don da sunanta ake bayar da fasfon.

Ikon da ke kan takarda

A zamaninta, a rubuce, doka ba ta zama doka sai sarauniya ta amince. A aikace, rabon da wani mai sarauta ya ƙi amincewa da dokar da majalisa ta zartar tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. A rubuce ita ke zaɓar firaminista. A aikace tana kiran wanda ke da rinjaye a majalisar wakilai ne.

Sau biyu abin ya so ya ƙona mata hannu. A 1957 da 1963 jam'iyyar mazan jiya ba ta da tsarin zaɓen shugabanta, sai dai dattawan jam'iyya su yi ƙus-ƙus su kai suna fada. Ta haka ta kira Harold Macmillan, daga baya kuma Alec Douglas-Home, aka yi ta surutu cewa an yi amfani da ita a rikicin cikin gida. Daga 1965 jam'iyyar ta fara zaɓen shugabanta da ƙuri'a, fada ta huta.

Gwaji mafi tsanani ya zo a 2019. Boris Johnson ya nemi ta dakatar da zaman majalisa na mako biyar ana tsakiyar rigimar ficewa daga Tarayyar Turai. Ta amince, domin al'ada ta ce ta bi shawarar firaminista. Ranar 24 ga Satumba Kotun Ƙoli ta ce shawarar ta saɓa doka, ta soke dakatarwar. Masu adawa da sarauta suka ce kun gani, 'yar amshin shata ce, ba ta iya kare majalisa daga firaminista mai taurin kai. Masu goyon baya suka ce da ta ƙi, da ta shiga siyasa tsamo-tsamo, wadda ba a zaɓa ba ta take wanda aka zaɓa. Ni dai abin da na gani shi ne kotu ce ta taka birki, ba fada ba, kuma haka tsarin yake so.

Amfanin kujerar, in ji masu kare ta, shi ne ta hana ɗan siyasa zama a kai. Soja da alƙali da ɗan sanda ga mai sarauta suke rantsuwar biyayya, ba ga firaminista ba. Firaminista komai ƙarfinsa ma'aikaci ne mai wa'adi, dole ya rusuna wa wani. Wanda ya ga yadda shugabanni a nahiyarmu ke mayar da kansu su ne ƙasa, zai gane hikimar, ko da bai yarda a ce haihuwa ce ke ba mutum wannan kujera ba.

Shiru ma magana ce

Babban makaminta kame baki. Shekara 70 ba ta taɓa zama an yi mata tambayoyin siyasa a jarida ba, ba ta kaɗa ƙuri'a, ba wanda zai dafa littafi ya ce ga jam'iyyar da take so. Amma kada a ɗauka hannunta bai taɓa shiga ba. A 2014, kwana huɗu kafin ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewar Sikotlan, ta fito daga coci kusa da Balmoral ta ce wa wani cikin masu gaishe ta tana fata mutane za su yi tunani sosai kan makomarsu. Ba ta ce a zaɓi kaza ba, amma kowa ya ji inda ta dosa.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da ke ba fada damar ganin duk wani ƙudurin da ya shafi ikon masarauta ko dukiyarta kafin majalisa ta kammala shi. A 2021 jaridar Guardian ta binciko cewa ƙudurori sama da 1,000 sun bi ta wannan ƙofa a zamaninta, kuma a 1973 lauyanta ya nemi a gyara wani ƙuduri don kada a bayyana hannayen jarinta. Fada ta ce al'ada ce kawai, ba a taɓa toshe wata doka ba. To, amma wanda ake nuna wa takarda kafin kowa ba za a ce ba shi da baki a ciki ba.

Ita da Najeriya da ƙasashe renon Ingila

Dattawan da suka yi wayo kafin 1973 suna tuna sule da sisi masu ɗauke da kanta. Ta zo Najeriya daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairun 1956. Ta je Legas da Ibadan da Inugu da Jos da Kano, ta ziyarci zangon masu cutar kuturta a Oji River, a Kaduna kuma sarakunan Arewa suka yi mata gagarumin hawan daba, lokacin Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya. Abin da yawancin matasa ba su sani ba shi ne bayan samun 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960 ita ce dai Sarauniyar Najeriya, Nnamdi Azikiwe yana wakiltarta a matsayin Gwamna Janar daga Nuwambar 1960, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firaminista. Sai 1 ga Oktoba 1963 aka zama jamhuriya. Ta sake dawowa a Disambar 2003 don taron ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a Abuja.

A nan ne ake yawan cakuɗa abu biyu. Lokacin rasuwarta ƙasashe 15 ne take sarauniyarsu, ciki har da Kanada da Ostareliya da Jamaika. Ƙungiyar renon Ingila kuwa mambobinta 56, galibinsu jamhuriya, wasu ma kamar Mozambik da Ruwanda da Gabon da Togo ba Ingila ce ta mulke su ba. Shugabancinta a ƙungiyar na girmamawa ne. Lokacin da aka dakatar da Najeriya a Nuwamban 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa, shugabannin ƙasashe ne suka yanke, ba ita ba. Ga talaka, amfanin ƙungiyar bai wuce guraben karatu da wasanni ba, sai kuma damar kaɗa ƙuri'a ga wanda ke zaune a Birtaniya bisa ƙa'ida. Biza kam sai ka bi layi ka biya kamar kowa.

Duk da haka a wannan fage ne ta fi nuna ƙwazonta. A 1961, ana fargabar Ghana za ta karkata ga Tarayyar Sobiyet, kuma bama-bamai sun tashi a Ankara, babban birnin Ghana, ta dage sai ta je, har ta yi rawa da Kwame Nkrumah. A 1986 jaridu suka ruwaito cewa ranta bai so yadda Firaminista Margaret Thatcher ta ƙi a ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi ba.

Wa ke biyan kuɗin?

A shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022 baitulmali ya ba masarauta fam miliyan 86.3, wanda fada ke cewa bai wuce fam 1.29 a kan kowane ɗan ƙasa ba. Asalin tsarin tun 1760 ne, lokacin da George na Uku ya miƙa wa gwamnati kuɗin shigar filayen sarauta, ita kuma ta ɗauki nauyin fada. Amma lissafin bai haɗa da kuɗin tsaro ba, bai kuma haɗa da ribar gandun Lancaster da ke shiga aljihun mai sarauta kai tsaye ba, sama da fam miliyan 20 a shekara. Sai a 1993 ta fara biyan harajin kuɗin shiga, bisa raɗin kanta. Gadon da ya tashi daga sarki zuwa sarki kuma ba a cire masa haraji, alhali attajirin Ingila ana yankar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura ƙa'ida.

Inda kame bakin ya zame mata laifi

A Oktoban 1966 tulin sharar ma'adinin kwal ya zaftaro ya binne wata makarantar firamare a Aberfan da ke yankin Wales. Mutum 144 suka mutu, 116 yara ne. Sai bayan kwana takwas ta je. A 1997 da Gimbiya Diana ta rasu a hatsarin mota a Faris, ta zauna a Balmoral da jikokinta, Landan tana tafasa, jaridu suna tambayar ina sarauniya. Sai da ta dawo ta yi jawabi kai tsaye ƙura ta lafa. Cikin 'ya'yanta huɗu, auren uku ya mutu, kuma a Janairun 2022 dole ta tuɓe wa ɗanta Andrew muƙamansa na soja saboda ƙarar lalata da aka shigar da shi a Amurka.

Ta kuma san inda ake magana ba da baki ba. A 2011 ta sunkuyar da kai a dandalin tunawa da 'yan Ayalan da suka mutu suna yaƙar masarautarta. A 2012 ta yi musabaha da Martin McGuinness, tsohon kwamanda a ƙungiyar 'yan tawayen Ayalan da ta kashe Lord Mountbatten, kawun mijinta, a 1979. A Afrilun 2021 aka gan ta zaune ita kaɗai a coci da baƙin takunkumi a jana'izar mijinta, tana bin dokar korona kamar kowa. Kwana biyu kafin rasuwarta, tana dogara sanda, bayan hannunta ya yi shuɗi, ta tsaya a gaban murhu a Balmoral ta naɗa Liz Truss.

Tabon mulkin mallaka

Wannan ne ya fi raba kan 'yan Afirka ranar da ta rasu. Wata takwas da hawanta aka kafa dokar ta-ɓaci a Kenya, aka tsare dubban mutane a sansanoni, aka azabtar da su da sunan murƙushe Mau Mau, ƙungiyar da ta yi wa Turawan mulkin mallaka tawaye. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta biya mutum 5,228 diyyar fam miliyan 19.9. A kudu maso gabashin Najeriya akwai waɗanda har gobe ba su manta makaman da gwamnatin Harold Wilson ta sayar wa gwamnatin tarayya a yaƙin basasa ba. Ga kayan tarihin Benin da aka kwashe a 1897, ga lu'ulu'un Afirka ta Kudu a kan sandar sarautarta.

Masu kare ta sun ce ba ita ta ba da umarni ba, ministoci ne, kuma a zamaninta ne daular ta watse. Masu suka sun ce ba a cin gado a ƙi biyan bashin mamaci: da sunanta aka yi, jan akwatin yana zuwa mata, ta kuma rayu a cikin dukiyar. Tsarin da ya wanke ta daga laifin shi ne ya ɗaure mata baki daga neman gafara, domin neman gafara a madadin ƙasa magana ce ta gwamnati, ga kuma batun diyya a bayanta.

Wannan ƙulli ta bar wa ɗanta Charles, wanda ya gaje ta. Barbados ta riga ta zama jamhuriya tun Nuwamban 2021, Jamaika ma ta ce hanyar za ta bi. Charles kuwa, saɓanin mahaifiyarsa, an san ra'ayinsa kan muhalli da noma da gine-gine tun yana yarima, har wasiƙun da ya riƙa rubuta wa ministoci kotu ta sa an fito da su a 2015. Da ya je Kenya a ƙarshen Oktoban 2023, ya tsaya a gaban Shugaba William Ruto ya ce abin da aka yi wa 'yan ƙasar abin ƙyama ne, ba shi da hujja, kuma yana matuƙar baƙin ciki da nadama a kai. Kalmar neman gafara, wadda tsofaffin Mau Mau suka shekara 70 suna jira, ba ta cikin takardar da ya karanta.